Idan Ciwon Sikila Ya Taso: Matakan Da Za A Bi Daga Gida Har Gadon Asibiti

Tun da hunturu ya kankama saƙonni suka yi yawa, kuma kusan dukkansu tambaya ɗaya suke yi: mai sikila ya tashi tsakar dare yana juyi da ciwon ƙafa ko baya, me za a ba shi, kuma yaushe ne jinyar gida ta ƙare sai a nemi mota? Wasu iyaye ne, wasu mazaje ko matan masu lalurar, wasu kuma su ne masu ciwon da kansu. Ba abin mamaki ba ne. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu amosanin jini, wato sikila. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana aiki da shi ya ce ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a ƙasar duk shekara.

Abu ɗaya nake so kowa ya riƙe kafin mu shiga matakan: ƙarfin kuka ba shi ke nuna girman haɗari ba. Yaron da ke ihu da ciwon gwiwa, jikinsa ba zafi, numfashinsa daidai, sau da yawa ana iya fara jinyarsa a gida. Wanda ya lafe shiru, jikinsa ya ɗau zafi ko leɓɓansa suka yi fari, shi ne ake iya rasawa kafin gari ya waye. Idan likitan da ke duba majinyacinku ya ba ku tsari na musamman a rubuce, nasa ne a gaba da nawa.

Mataki na 1: Shirin da ake yi tun ana lafiya

Ƙarfe biyun dare ba lokacin lalube a ƙarƙashin katifa ana neman katin asibiti ba ne. Ku ware rana guda ku haɗa waɗannan.

Takardar bayani. A samu takarda mai kauri a rubuta suna, shekaru, nauyinsa na baya-bayan nan, nau'in sikilarsa (SS ko SC), rukunin jininsa, magungunan da yake sha kullum, maganin da jikinsa ba ya karɓa, ranar da aka yi masa ƙarin jini na ƙarshe, ko ya taɓa samun matsala bayan ƙarin jini, lambar fayil, da lambar wayar mutum biyu na gida. A ɗauki hotonta a waya, kowane babba a gidan ya samu.

Akwai lamba ɗaya da ta fi sauran muhimmanci a takardar nan, wato PCV ɗinsa, lambar gwajin da ke nuna yawan jinin jikinsa, na lokacin da yake lafiya ƙalau. Yawancin masu SS suna rayuwa da PCV tsakanin 18 da 27, lambar da in aka gan ta a jikin wani za a ce jininsa ya ƙare. Likitan da bai taɓa ganin majinyacinku ba, idan ya ga 21, ba shi da hanyar sanin ko haka yake tun da can, ko kuwa daga 28 ya faɗo cikin kwana biyu. Na farko ba ya bukatar jini, na biyu yana cikin haɗari. Ku tambayi likita wannan lambar ranar ganin likita ta gaba, ku rubuta.

Jakar gaggawa. Ma'aunin zafin jiki mai batir, farasitamol, ibufurofen idan likita ya amince masa, sirinji ko cokalin awon magani, ledar ORS (garin haɗa ruwan gishiri da sukari) biyu ko uku, robar ruwan ɗumi, rigar sanyi da safa, tocila. Mai hali ya ƙara da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta auna iskar oksijin. Ma'aunin zafi bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba, amma gidaje da yawa har yau bayan hannu suke aunawa da shi, kuma hannu yana yaudara.

Asibiti da mota. Ku san asibitin da ke kusa da ku wanda yake da ma'ajiyar jini da oksijin da likita cikin dare. Ƙaramin asibitin unguwa yana da amfaninsa, amma ba ya ƙarin jini. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Hasiya Bayero na yara. A Zariya akwai na Shika, a Kaduna Barau Dikko, a Sakkwato na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a Yamai kuma akwai cibiyar ƙasa ta masu sikila. Ku yi magana tun yanzu da maƙwabci mai mota ko mai adaidaita sahu da zai ɗaga waya da dare. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, ku kira, amma kada ku zauna jiranta idan akwai abin hawa a ƙofar gida.

Koyon taɓa saifa. Iyayen yaro ɗan ƙasa da shekara biyar su roƙi likita ko nas ta nuna musu da hannu yadda ake taɓa saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, da inda tasa take tsayawa idan yana lafiya. Minti biyar ne koyon, kuma ya ceci rayuka.

Mataki na 2: Dubawa kafin ba da magani

Da zarar ya ce ciwo, ko jariri ya kama kukan da ba a saba ji ba, kada hannu ya fara zuwa kan kwalbar magani. A kunna fitila mai haske a duba abubuwa biyar, a jere.

1. Zafin jiki. A auna a hammata, a rubuta lambar da lokacin.
2. Numfashi. A ɗaga riga a ƙirga ɗagawar ƙirji na minti ɗaya cur. Jariri ɗan wata 2 zuwa 12, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Ɗan shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. A duba ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki, ko hanci yana buɗewa.
3. Launi. A ja fatar ido ta ƙasa, a duba harshe, leɓe da tafin hannu. Sun fi na kullum fari? Idon ya fi na kullum rawaya?
4. Ciki. Ya kumbura? Saifa ta sauko ƙasa da inda aka san ta?
5. Fuska, hannu da magana. A ce ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu, ya faɗi sunansa.

Gargaɗi: farasitamol da ibufurofen suna saukar da zafin jiki. Idan aka ba da su kafin a auna, an ɓoye alamar da ta fi kowace muhimmanci, sai a kwanta ana ganin lafiya alhali cuta na cin jini. A auna tukuna.

Gargaɗi ga masu na'urar yatsa: baƙin lalle, jan farce da sanyin yatsu suna sa ta ba da lambar da ba daidai ba. Idan ta nuna ƙasa da 95, a tafi asibiti. Idan ta nuna lamba mai kyau amma mutum yana haki, a yarda da ido, a tafi.

Idan duka biyar ɗin lafiya, a wuce mataki na 4. Idan ko ɗaya ya kauce, mataki na 3 ne naku.

Mataki na 3: Alamomin da ba a kwana da su

Zazzaɓi. A nan ne aka fi yin asara, don haka zan daɗe a kai. Saifar mai SS tana fara lalacewa tun yana jariri, ita ce kuwa take tace ƙwayoyin cutar da ke kawo nimoniya da sanƙarau daga cikin jini. Zazzaɓin da ɗan'uwansa zai sha magani ya fita wasa, shi zai iya kashe shi cikin awanni. Ƙa'idar likitoci ita ce zafi ya kai 38.5 a kawo shi nan take, asibitoci da yawa ma 38 suke cewa. Tunda awon hammata yakan nuna ƙasa da ainihin zafin jiki, shawarata ita ce 38 a hammata ta isa a tashi, ko da yana dariya, ko da ƙarfe ukun dare ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce ai maleriya ce, a aika kemis a sayo magani, a jira kwana biyu a gani. Mai yiwuwa maleriyar ce, kuma ita ma tana farfasa jinin mai sikila. Amma gwaji ya nuna maleriya ba ya nufin babu wata cutar tare da ita. Asibiti ne zai duba duka biyun.

Ciwon ƙirji, tari ko haki. Sikila tana iya toshe jijiyoyin huhu, kuma wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu cutar, manya da yara. Duk ciwon da ya taɓa ƙirji, haƙarƙari ko tsakiyar baya, tare da tari, zazzaɓi ko saurin numfashi, na asibiti ne. A zaunar da shi a jingine, kada a kwantar da shi rigingine. Kada a yi masa turare ko hayaƙi, huhun da ke neman iska ba ya bukatar hayaƙi.

Kumburin saifa. Ya fi kama ƙananan yara. Jini ne yake taruwa cikin saifa ya kasa fita, sai ciki ya kumbura ta hagu, yaro ya yi fari fat, ya yi laushi, zuciyarsa tana bugu da sauri. Cikin 'yan awanni jinin da ke zagaya jiki zai iya ƙarewa. Ba a shafa komai, ba a danna cikin, ba a kiran wanzami ya yi tsaga ko sakiya. Asibiti mai jini kai tsaye, kuma a tafi da wanda zai ba da jini.

Shanyewar ɓarin jiki. Mutane suna zaton ciwon tsofaffi ne, alhali yaro mai SS ɗan shekara biyar yana iya samunsa. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, magana ta harɗe, ya fara jan ƙafa ba tare da ciwo ba, ido ya daina gani, ciwon kai mai tsananin da bai taɓa yi ba, ko jijjiga. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara. Kada a ba shi abinci, ruwa ko magani ta baki, domin zai iya shaƙewa. Maganin gaggawa a nan ƙarin jini ne ko musanyar jini, kuma ana so a fara cikin awa biyu da isa asibiti. Ko da alamar ta ɓace bayan minti goma, a tafi, gargaɗi ne na babba da ke tafe. Na san a gidaje da yawa abin da ke fara zuwa zuciya shi ne iska ko sammu. Addu'a da tofi ba sa hana tafiya, a yi su a cikin mota.

Idan jijjiga ce, a kwantar da shi a gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura manja ko jiƙo, ba a kai ƙafa kusa da wuta.

Miƙewar gaba mai ciwo. Wannan kunya ce take ɓoye shi, kuma kunyar tana jawo nakasa ta har abada. Yara maza da samari masu sikila gabansu kan miƙe ba tare da sha'awa ba, yawanci da asuba, ya ƙi kwanciya, da zafi. A sha ruwa, a yi fitsari, a yi wanka da ruwan ɗumi, a ɗan zagaya, a sha maganin ciwo. Kada a sa ƙanƙara ko ruwan sanyi. Idan ya kai awa biyu bai kwanta ba a kama hanya, domin daga awa huɗu naman wurin yake fara lalacewa. Iyaye maza, ku ne za ku zaunar da ɗanku tun yana ƙarami ku ce masa: "Idan haka ta faru, ka tashe ni ko ƙarfe nawa ne, ba laifinka ba ne." Idan ba a faɗa masa ba, zai yi shiru.

Sauran a taƙaice: amai ko gudawar da ta hana ruwa zama, fitsari ya koma kalar shayi tare da ƙaruwar shawara wato rawayar ido, barcin da ake shan wuyar tashinsa, haɗin gwiwa ɗaya ya kumbura ya yi zafi, buguwa a ido ko da ƙarama ce, kumburin hannu da ƙafa a jariri karon farko, da duk wani ciwo ga mai juna biyu. Mai sikila mai ciki ba ta jinyar ciwo a gida.

Mataki na 4: Ciwon da ake iya fara jinyarsa a gida

Ciwon ƙashi ne irin wanda aka saba, babu zazzaɓi, babu ko ɗaya daga alamomin sama, kuma yana iya shan ruwa.

1. Ruwa. Kaɗan-kaɗan, a kai a kai, ba mai sanyi ba. Babba ya nemi lita 3 zuwa 4 a yini, wato ledar fiya wata shida zuwa takwas. Kunu, koko, romo da ORS duk suna cikin lissafi. Jariri a ƙara masa nono. A karanta bayan ledar ORS: idan ta lita ɗaya ce, fiya wata biyu ake juyewa.

Gargaɗi: ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa yadda ya kamata, shi ya sa yake yawan fitsari, yara da yawa har da fitsarin kwance. Fitsarinsa zai iya fita fari alhali jikinsa a bushe yake. Kada a rage masa ruwa da dare don gudun jiƙa katifa.

2. Ɗumi. Tawul da aka tsoma a ruwan ɗumi, ko robar ruwan ɗumi a naɗe cikin zane, a ɗora inda ke ciwo. Tausa a hankali idan yana so. Sanyi yana matse jijiyoyi ya ƙara toshewar, don haka babu ƙanƙara, babu fanka a kansa. A gwada zafin a cikin hannu tukuna, kuma kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa.

3. Farasitamol, da awo. Ana lissafi da nauyi, miligiram 15 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 10 zai sha 150, wato kusan mil 6 na ruwan maganin da aka rubuta 120 cikin mil 5 a kwalbarsa. Mai kilo 20 zai sha 300. Babba ƙwaya biyu masu 500. Duk bayan awa 6, kada ya wuce sau huɗu a awa 24. A rubuta lokacin kowane sha, domin da dare mantuwa take sa uwa ta ba da, uba ma ya tashi ya ba da.

Gargaɗi: magungunan mura da na ciwon jiki da yawa akwai farasitamol a cikinsu. Haɗa su yana lalata hanta.

4. Ibufurofen, idan likita ya riga ya amince. Miligiram 10 ga kowane kilo duk bayan awa 8, babba 400, bayan an ci wani abu. Ba a ba mai ciwon ƙoda, mai olsa, mai juna biyu, ko wanda amai da gudawa suka busar. Ba a haɗa shi da dikulofenak, aikinsu ɗaya, ɓarnarsu ga ciki da ƙoda ce take ninkuwa. Haɗin ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda a kemis, wanda ba a san abin da ke ciki ba, a nisance shi. Ba a ba yara asfirin.

5. A sake auna zafin jiki da numfashi duk bayan awa huɗu, da kuma kafin kowane shan magani.

Iyakar zaman gida: idan an ba da magani daidai awo, aka yi awa biyu ciwo yana ƙaruwa, ko aka yi yini da kwana babu sauƙi, ko wata alama ta mataki na 3 ta ɓullo, jinyar gida ta ƙare.

Dole in yi magana a kan allurar fenta, wato pentazocine, allurar rage ciwo mai ƙarfi. Masu sikila da yawa sun fara ta ne a asibiti cikin halal, daga baya aka koma kiran mai kemis gida, daga nan mutum ya koyi yi wa kansa. Ƙarshenta jiki ya saba, cinya da ɗuwawu su sandare, gyambon da ba ya warkewa ya fito. Haka tiramadol da aka saya ba da takardar likita ba. Wanda ciwo ke yawan tasar masa ya nemi likitansa ya rubuta masa maganin gida mai ƙarfi da adadinsa. Ƙarin ruwa ta jijiya a gida ma haɗari ne, domin ruwan da ya yi yawa yana taruwa a huhu, kuma babu mai lura da hakan a tsakar ɗaki.

Mataki na 5: A hanya

A lulluɓe shi, musamman a kan babur ko adaidaita sahu. A ɗauki takardar bayani, jakar gaggawa da duk kwalin maganin da ya sha. Mutum biyu su tafi, ɗaya ya zauna da majinyaci, ɗaya ya yi zirga-zirgar kati, gwaji da kantin magani. Idan maigida ba ya nan, a kira shi daga cikin mota. Mazaje su ba da wannan izinin tun yau, a fili, gaban kowa na gidan, don kada wata uwa ta zauna da yaro mai zazzaɓi tana jiran waya ta shiga.

Mataki na 6: A sashen gaggawa

Jimlar farko ita ke yanke ko za a sa ku layi ko a shigar da ku. Kada a fara da labarin yadda aka yi ranar Talata. A fara da sikila da alamar haɗari:

"Sannu da aiki Sista. Yarona mai sikila ne, SS. Zafin jikinsa 39 tun ƙarfe ɗaya, yana haki. PCV ɗinsa na kullum 24. Na ba shi farasitamol ƙarfe ɗaya da rabi."

Ma'aikacin da ya ji haka ya samu rabin abin da yake bukata. Abin da ya kamata ku gani bayan nan: a auna zafi, bugun zuciya, hawan jini da oksijin. Mai ciwo mai tsanani a ba shi maganin ciwo mai ƙarfi cikin minti 30 zuwa awa ɗaya da isowa, kuma mofin ne aka fi amincewa da shi idan akwai. Mai zazzaɓi a ɗebi jini, a yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya, ba sai sakamako ya fito ba. A yi gwajin PCV da na maleriya, mai alamar ƙirji a yi masa hoton ƙirji. Idan lokaci yana tafiya ba a yi ba, a tambaya cikin ladabi, a sake tambaya: "Likita, don Allah an yi masa allurar zazzaɓin kuwa?" Faɗa da ma'aikata ba ya saurin kawo magani, shiru ma ba ya kawowa.

Ina roƙon ma'aikatan lafiya da ke karanta wannan: matashin da ya zo yana faɗin sunan maganin da ke yi masa aiki, galibi shekarun jinya ne suka koya masa. Kallon ɗan ƙwaya da ake yi masa shi ke kora shi zuwa hannun mai allurar gida.

Idan an ba da gado, mai jinya yana da aiki. Toshewar huhu sau da yawa a kwana na biyu ko na uku take bayyana, ga wanda aka kwantar saboda ciwon ƙashi kawai, domin ciwo da magani suna sa shi numfashi sama-sama. Duk bayan awa biyu idan yana farke, a sa shi ya ja dogon numfashi sau goma. Yaro a ba shi balan-balan ya hura. Sabon tari, haki, ko barcin da ya yi nauyi bayan allura, a kira nas nan take.

Mataki na 7: Ƙarin jini

Dangi sukan matsa a ƙara jini da zarar sun ji lamba ta yi ƙasa. Ciwon ƙashi shi kaɗai ba dalilin ƙarin jini ba ne. Ana ƙarawa ne idan PCV ya faɗi sosai ƙasa da na kullum, ko saifa ta riƙe jini, ko huhu ya toshe, ko ɓarin jiki ya shanye, ko za a yi tiyata. Kuma ba a ƙoƙarin kai shi lambar mai lafiya, likitoci ba sa so ya haura PCV 30, domin jinin zai yi kauri ya ƙara toshewa.

Ku tanadi mutum biyu ko uku masu AA da rukunin jininsu ya dace, ku ajiye lambobinsu. Kada gaggawa ta sa a karɓi jinin da ba a tantance shi daga ƙanjamau da ciwon hanta ba, ko wanda ba a gwada dacewarsa da na majinyaci ba. Yayin da jini ke shiga, idan ya fara rawar sanyi, ƙaiƙayi, ciwon baya ko haki, a kira nas ta tsayar.

Gargaɗi: maganin ƙarin jini na kwalba mai sinadarin ƙarfe ba na mai sikila ba ne sai gwaji ya nuna yana bukata. Wanda ake yawan ƙara wa jini ƙarfe ya riga ya yi masa yawa, yana taruwa a hanta da zuciya.

Mataki na 8: Kuɗi

Inda kuɗi ke tafiya a daren gaggawa: mota, kati, gwaje-gwaje, allurai da ruwa, tantance jini da ledarsa, oksijin, gado. Oksijin da jini da allurar kashe ƙwayoyin cuta su suka fi cin kuɗi. Farashi yana sauyawa kusan kowane wata, don haka ranar ganin likita ku tsaya wurin biyan kuɗi ku tambayi na yanzu, ku ware abin da zai ɗauki daren farko, wani a hannu wani a asusu, tunda na'urar cirar kuɗi takan ƙi aiki da dare. Ku bincika inshorar lafiya ta jiharku, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, ko ta tarayya wato NHIA, ku yi rajista tun ana lafiya, domin ba ta fara aiki ranar da aka yi ta. Manyan asibitoci suna da ofishin jin ƙai na marasa hali, a tambaya.

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya a Najeriya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Wannan bai yafe kuɗin ba, amma rashin kuɗi a hannu kada ya hana ku fita daga gida.

Mataki na 9: Bayan sallama

A ƙarasa maganin da aka rubuta har ƙarshe, a koma ranar da aka ce. Wanda aka ƙara wa jini a sa masa ido har mako uku zuwa huɗu: idan ciwo ya dawo da ƙarfi, fitsari ya yi duhu, ido ya ƙara rawaya, jikinsa ne yake farfasa jinin da aka ƙara. A koma, a faɗa wa likita ranar da aka yi ƙarin kafin a sake ɗaura wani, domin sabon jini a wannan halin yana iya ƙara ɓarna.

A koma kan magungunan kullum: folik asid, rigakafin maleriya da aka rubuta masa, fenisilin ga yara har shekara biyar, gidan sauro, da allurar rigakafi cikakkiya. Wanda ciwo ke yawan kwantarwa ya tambayi likita game da haidiroksiyuriya, yana rage yawan tashin ciwo da toshewar huhu, amma sai da gwajin jini a kai a kai. Yaro mai SS daga shekara 2 zuwa 16 a nema masa gwajin TCD duk shekara, wanda ke auna gudun jini a jijiyoyin kai, ba allura ba ciwo. Binciken da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna ya nuna yaran da gwajin ya gano suna cikin haɗari, idan aka ɗora su kan haidiroksiyuriya, shanyewar ɓarin jiki tana raguwa.

Maganar azumi a yi ta da likita tun cikin Sha'aban, domin ƙishirwar yini guda, musamman a lokacin zafi, ta isa ta tayar da ciwo, kuma Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Ɗan makaranta kuma a kai kwafin takardar bayaninsa ga malamin aji, da na Islamiyya, da mai kula da ɗakin kwana idan makarantar kwana ce. A roƙe su abu huɗu: a bar shi da gorar ruwa a aji, a bar shi ya fita fitsari duk lokacin da ya nema, kada a sa shi gudu ko horo a rana ko wanka da ruwan sanyi da asuba, kuma idan jikinsa ya yi zafi a kira gida nan take ba sai an tashi ba.